Baba da Jiminun Hanyar Shinkafi

Shekarar da aka kore mana shanu, Baba ya baro ƙauyenmu na kusa da Gurbin Bore ya dawo wurina a Kaura Namoda. A bayan babur aka kawo shi, da buhun gero guda da sandarsa ta kiwo. Na gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Da safe sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna yana kallon masu wucewa har rana ta kai masa, ya ja tabarmar zuwa inuwa. Bai taɓa yin zancen shanun ba, mu ma ba mu tayar masa ba.

Bayan an gama girbi aka yi shelar bita ga masu kiwo a wata makarantar sakandare. Aka ce duk wanda ya kammala za a ba shi 'yan tsaki da abincinsu. Na faɗa masa.

"Kaza ta mata ce," in ji shi.

"Baba, ku dai zo ku gani. Zaman nan ba ya yi muku daɗi."

Ranar da za a fara na fito na tarar ya sa babbar riga yana jirana.

Malamar bitar 'yar kudancin Kaduna ce, likitar dabbobi, Hausarta fes. Ta haska majigi a bango, ta yi bayanin ɗakin kaji, yadda ake shimfiɗa buntun shinkafa a ƙasa, yadda ake ɗumama 'yan tsaki da gawayi, da lokutan rigakafi. Darasin nata an shirya shi ne don jihohi da yawa, saboda haka a tsakiya sai ga hoton uwar alade kwance tana shayarwa. Wasu a zauren bitar suka kau da kai. Ta ce wannan sashen ba namu ba ne, ta kai hannu za ta wuce.

Baba ya ɗaga yatsa. "Malama, duk waɗannan ɗiyanta ne? Ciki guda?"

Ta ce ciki guda. Ya gyaɗa kai, ya ce ikon Allah, aka ci gaba. Wannan ce kaɗai tambayar da ya yi a cikin zauren.

Ranar ƙarshe aka ɗebe mu a mota zuwa gonar wani alhaji a kan hanyar Shinkafi. Mutumin yana da kajin ƙwai masu yawa, su aka kai mu gani. A bayan ɗakunan kajin kuma akwai fili da aka kewaye da waya, da jiminu uku da ya sayo daga Nijar, namiji baƙi da mata biyu masu ruwan toka. Jama'a suka ɗauki hoto suka koma wurin kaji. Baba ya tsaya. Namijin ya tako har bakin waya, ya leƙo shi daga sama. Na ga Baba yana duban ƙafafunsa da cinyoyinsa, irin duban da yake yi wa sa a kasuwa.

"Wagga kam dabba ce," ya ce da ni.

A hanyar dawowa ya tambayi malamar ko mutum irinsa zai iya kiwonta. Ta gaya masa gaskiya. Jimina tana son fili, 'ya'yanta ba su da wuyar mutuwa, kasuwarta kuma tana da nisa. Ta ce ya fara da kajin.

Muka karɓi 'yan tsakinmu a kwali. Na gina musu ɗaki a bayan gida. Da farko matata ce ke yin komai, shi yana kallo daga nesa. Da zafin bazara ya fara kashe su, shi ya tuna abin da malamar ta ce, ya buɗe tagogi, ya rufa zana a kan kwanon rufin, ya riƙa canja ruwa yana sanyaya shi a tulu. Wasu suka mutu, mafi yawa suka rayu. Daga nan aikin ya koma hannunsa, ko da yake bai taɓa kiransu nasa ba. "Kajin gidanku" yake cewa.

Da damina ta faɗi muka ji labari namijin jiminar ya harbi mai kula da su, ya karya masa haƙarƙari, mutumin ya bar aiki. Baba ya ce in kai shi gonar. Na ce masa shekarunsa sun wuce wannan.

"Na riƙe bijimin da yaf fi shi mugunta," ya ce. "Kai ni dai."

Alhajin ya dube shi, ya dubi farin gemunsa, ya yi jinkiri, sannan ya ce a gwada. Baba ya samo dogon reshen ƙaya, yana shiga da shi a ɗage, tsuntsun ba ya iya matsowa. Yana yanko musu harawa da ganyen wake, yana tsince ƙusoshi da leda daga filin, don jimina komai ta gani haɗiyewa take. Kullum ɗan acaɓa zai ɗauke shi da safe ya dawo da shi kafin magariba. Ya yi ƙiba. Ya fara hira a wurin cin abinci, duk a kan halin matan jiminun nan biyu, wadda ke da haƙuri da wadda ba ta da shi. Sau ɗaya aka ba shi ƙwai guda da bai ƙyanƙyashe ba. Ya fasa ƙaramar kafa ya zubar da na ciki, ya wanke, ya kai wa limamin unguwarmu ɓawon don adon masallaci.

Damina biyu ya yi a can. Daga baya hanyar ta lalace. Aka tare wata mota kusa da gonar aka tafi da mutane daji, 'yan acaɓa suka daina zuwa. Alhajin ya kwashe kajinsa zuwa cikin gari, ya sayar da jiminun ga wani mai gidan gona a Kano.

Baba ne ya loda su. Na raka shi ranar. Ya zura wa kowacce safa a kai don ta natsu, ya tura ta a hankali ta hau katako zuwa cikin motar. Ya gaya wa direban ya tsaya ya ba su ruwa a Gusau, kuma kada ya tsaya a bayan namijin ko a gabansa, sai ta gefe. Motar ta tashi. Ya jefar da reshen ƙayar a bakin waya, muka hau babur.

A gida ya yi alwala, ya yi sallah, ya ci tuwonsa. Washegari ya ce idan na je Kasuwar Daji in sayo masa ƙwan zabi, akwai wata kazar gida da ke neman kwanci.