Gonar da Malam Da'u Ya Hana wa Taki

Shekara arba'in na yi da Malam Da'u, ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba. Loma uku sai ya miƙe, wai ya tuna wani abu. Mutumin Gafasa ne. A 1965 aka turo shi koyarwa ƙauyenmu, nan kusa da Balan, da keke da akwati cike da kwalabe, bayan shekara biyu aka ɗaura mana aure. Ni na zaci malamin makaranta na aura, ashe sarkin tambaya ne. Me ya sa randa take sanyaya ruwa? Me ya sa toka take hana wake ƙwari? 'Yan ajinsa ma haka ya mai da su, kullum suna tone-tone da aune-aune.

A 1970 takarda ta zo cewa bayan girbi za a yi bajekolin kimiyya na makarantu a Kano, duk makarantar da ta yi bincike ta kawo yara shida. A yaran nan babu wanda ya taɓa wuce Wudil. Malam ya zaɓi 'yan aji bakwai, don shekararsu ta ƙarshe ke nan.

Ya raba gonar makaranta uku, aka shuka gero. Ɗaya takin gida, ɗaya takin zamani, ta ukun ko ƙwaya bai yarda a zuba mata ba. Na ce masa, "Malam, wannan ai mugunta ce."

Ya ce, "Ita ce ma'aunin, Maijidda. In babu ita, wa zai san ko takin ne ya yi aiki? A Kano sai an ɗora damin kowacce a sikeli."

Kullum da safe yara suna auna tsawon geron. Wata mai suna Lauratu ce take rubutawa, yarinya mai kafirin naci, ko zazzaɓi ba ya hana ta zuwa. Shi kuwa Malam sau biyar yake leƙa gonar a wuni.

Abin haushin, gonar da ba taki ita ce a bakin hanyar kasuwa. Geronta ya tsumbure, ya yi rawaya, kowa ya wuce sai ya yi dariya. Mahaifina, Baba Tukur, manomi ne da ake ji da shi, aka dinga yi masa ba'a wai surukinsa ko gona bai iya ba. Na san abin yana cin sa, amma ban je na yi masa bayani ba. Wannan laifina ne, kuma har yau ina jin sa.

Ran wata Asabar Malam ya hau keke ya tafi Gaya kai sunayen yaran. Yana ba da baya Baba ya tara gayya, jaki goma sha biyu, kowanne da mangala cike da taki. Suka shimfiɗa wa gonar rawayar, abin da ya rage suka ƙara wa sauran biyun. Da la'asar aka sheƙe da ruwa, takin ya nutse.

Malam ya dawo a jiƙe, ya tsaya a bakin gonar ya daɗe. Daga nan gidanmu ya nufa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, Allah ya saka da alheri."

Baba ya yi murmushi. "Haba Malam, ai kai ɗana ne. Yanzu sai in ga mai dariya."

Ina bayan ƙyaure ina jin su, kamar in kurma ihu.

Ran Litinin ya tara yaran ya faɗa musu. Lauratu ta ce, "Malam, mu rage damin gonar rawayar mana, kamar ba a zuba ba. Wa zai sani a Kano?"

Ya ce, "Ke za ki sani. Ni ma zan sani."

Washegari ya koma Gaya ya janye sunayensu. Na yi masa faɗa sosai, na ce yaran nan me suka yi? Shi kuwa sai kai da komo yake a tsakar gida. Na yafa gyale na je na zayyane wa Baba komai. Tsohon ya ce, "To shi me ya hana shi faɗa mini?" Na ce, "Baba, da wane bakin zai ce maka ka ɓata masa aiki?"

Da damina ta zagayo aka sake gwajin. Baba da kansa ya dinga zama a bakin gonar rawayar da sandarsa, duk wanda ya yi dariya ya ce masa wannan ma'auni ce, jahili. A wannan shekarar makarantar ta je Kano. Amma su Lauratu sun riga sun fita, sababbin 'yan aji bakwai ne suka hau motar.

Ina cikin masu rakiya. Direba ya tayar da mota ke nan sai ga Lauratu a guje, ta ajiye tulunta a bakin hanya. Na zaci kuka za ta yi ko gori. Sai ta kama ƙarfen motar, ta ɗaga kai tana haki.

"Malam, don Allah in kun dawo a faɗa mini wacce ta fi nauyi."

Malam ya dube ta. Ya gyaɗa mata kai kawai, motar ta ja.