Ɗacin Dankali a Bakin Tashar Kubwa

Shekara tara ina suyar dankalin Hausa a bakin tashar Kubwa, kuma mutum ɗaya nake sayen kaya a hannunsa, wani manomi Bagware a Yangoji. Da can ban taɓa buɗe buhunsa a gabansa ba. Ni da ko ɗan'uwana ban cika yarda da shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata damina sai dankalin ya fara ɗaci. Wani direba ya tofar a gaban kaskona, ya ce, "Malam, maɗaci ka koma soyawa?" Mutane suka yi dariya. Kafin sati, rabin masu tsayawa wurina sun koma wajen mai ƙosai.

Ban tsaya dogon tunani ba. Na ce Bagwaren nan ya fara zuba wa gona maganin feshi mai arha, ko kuma mai kyan yana kai wa wani, ni yana haɗa ni da saura. Na kira shi a waya na faɗa masa haka, har da ƙari. Ya ce da Hausarsa ta Gwari, "Aboki, ni ba ta cuce ka ba." Na kashe wayar.

Akwai wani Alhaji ma'aikacin gwamnati, ɓangaren gona, da ke saye kafin ya hau bas. Da ya ji ina ƙorafi sai ya ce in miƙo masa ɗanye guda. Ya nuna mini wani baƙin tabo, ya karɓi wuƙata ya yanka.

"Ka ga nan? Funfuna ce ta shiga ta inda fatar ta ƙuje. Shi kuma dankali ba ya zama a cinye shi a banza. Da ya ji ta, sai naman da ke kewaye ya haɗa gubarsa, ta lalata fatar ƙwayoyin funfunar, abin cikinsu ya tsiyaye su mutu. Gubar ce kake ji da ɗaci. Kuma kada ka ba akuya, tana yi musu illa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dankali ne ke haɗa magani? Yana da kemis a ciki?"

"Ya fi ka kemis. A me kake ajiyewa?"

Na ce ina wankewa in zuba a buhun leda, saboda ruwan sama. Wannan daminar na fara hakan. Ya ce in binciki ledar nan, bas ɗinsa ta zo ya tafi.

Ban yarda ba. Aji uku na yi a sakandare, amma na san 'yan ofis: bakinsu ya fi hannunsu aiki. Har na raya a raina ko ya san Bagwaren ne. Da na koma gida na zazzage buhu, na yanka ɗaya bayan ɗaya ina lasa. Mai tabo, ɗaci. Marar tabo, zaƙi kamar kullum. Waɗanda ke ƙasan leda, inda ta yi gumi, su suka fi lalacewa. Na nemi yadda zan ɗora laifin a kan wani, ban samu ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Yangoji. Na tarar da Bagwaren yana gyaran fartanya. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, na ce wataƙila leda ce. Haƙuri dai bai fito daga bakina yadda ya kamata ba.

Ya ce, "Oga, kaya yana can. Ka zazzage ka zaɓa da hannunka."

Na ce ba sai na duba ba.

"A'a. Ka duba."

Ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona. Na durƙusa ni kaɗai a tsakar gidansa ina juya dankali ɗaya-ɗaya, matarsa na kallona daga bakin murhu. Har yau a wurinsa nake saye, kuma har yau sai ya sa na zaɓa da kaina.