Tsoron Abinci Ya Ƙafar Mini Da Nono

Edita, lokacin da abin nan ya same ni, ina auren wani mai sayar da kayan gwari a Mile One, nan Fatakwal, kuma duk layinmu an san ni da tsirfa a kan abinci. Ciwon suga ne ajalin mahaifina, shi ya sa na ci alwashin ba abin da zai shiga bakina sai mai gina jiki. Na fara da barin suga da lemon kwalba, kowa ya yaba. Daga nan na biye wa bidiyoyin waya, na watsar da manja, magi, gishiri da farar shinkafa. Kifin da ake kamawa a ruwan unguwar Borokiri kuwa na ce ya sha fetur. Na daina zuwa biki da suna don kar a miƙo mini faranti. In na kuskura na ci girkin wata, sai in wuni kamar na aikata zunubi. Ba ƙiba nake gudu ba, guba nake gani a komai.

Da na haihu, Innata ta taso tun daga Zariya don ta yi mini jego. Maigida ya sayo ƙauri, ta haɗa farfesu, ta dama kunun gyaɗa. Na ce kitse ya yi yawa, na koma wa dafaffen kabejina da kokwamba. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai jego da cimar zomo ba. Na yi dariya, a raina ina cewa rashin wayewa ne.

Sai nono ya fara ƙafewa. Jaririyata ta kama, ta ja, ta saki ta tsanyara kuka. Ranar awo nas ta ɗora ta a sikeli, ta sake ɗorawa, sannan ta tambayi abin da nake ci. Na zayyana mata har da alfahari. Ba ta yaba ba, wurin likita ta tura ni. Shi ya ce cuta ce, sunanta orthorexia, wato son cin mai kyau ya zarce har ya zama ciwo. Ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa da wata masaniyar abinci, suka riƙa dawo mini da abincin ɗaya bayan ɗaya. Cokalin farko na farfesun Inna, da hawaye na haɗiye shi.

Na warke, alhamdu lillahi, amma nonon bai dawo sosai ba. Da madarar gwangwani 'yata ta tashi, irin wadda a da ko kallonta ba na yi.

'Yan'uwa, in kula da abinci ta raba ku da mutane, ta sa ku fargabar kowace loma, ku nemi asibiti tun da wuri. Ni na zaɓi ƙin ci, amma wadda ba ta zaɓi komai ba ita ta sha yunwar.