Bashiru Ya Daina Kawo Mini Wuƙarsa

Ku cinka mini wannan: me ya fi wuƙar yankan kifi kaifi, alhali bai taɓa hawa dutsen washi ba?

Jiya na bi jikana Bashiru har rumfarsa a kasuwar Argungu, don ya daina kawo mini wuƙarsa. Da can duk Juma'a yana tafe, in wasa masa, mu sha hira, ya bar mini kan giwan ruwa.

Na iske shi da wani ƙarfen washin wuƙa da ya sayo a Birnin Kebbi. Ya maƙale wuƙar a ciki, wata sanda na goga dutse a bakinta, karkata ɗaya, ba ƙari ba ragi. Har share ƙarfen yake yi da gefen riga!

Na ce, "Maigida, wanga abu shina ba ka labari? Shina sa maka albarka?"

Ya ce, "A'a, uwargida. Amma hannunsa bai rawa."

Masu sayen kifi suka kwashe da dariya. Na ɓoye hannuwana cikin mayafi, ina hararar ƙarfen nan. Kuma wallahi washinsa ya fi nawa kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Masu jikoki, ko ku ma kun ɗanɗana? Amsar dai ita ce bakin jika.