Ranar Da Na Sake Wanke Fuskata

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Wannan ma sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa.

Abin ya fara ne ina alwala a gidanmu a Fagam. Ruwa na taɓa kuncina na dama sai na ji kamar lantarki ya ja ni, daga leɓe har kunne. Ya ɗauke. Ya dawo.

Tauna ta gagara, magana ta gagara. Ko iska ta busa sai in ja hijabi in rufe fuska. In zan yi alwala sai in tsallake ɓarin nan.

Da ma ni ba mai surutu ba ce, shi ya sa ba wanda ya lura. Maƙwabta har yabona suke, wai Hauwa akwai kunya.

Inna ce ta gane. Ta ɗaga hijabina ta ga ɓarin fuskata ya yi dauɗa. Ta ce, "Ke, yaushe rabon nan da ruwa?"

Aka ce haƙori ne. A Gwaram aka cire min ɗaya, lafiyayye. Ciwon bai ko motsa ba.

A asibiti a Birnin Kudu likita ya ce jijiyar fuska ce, kuma ba a cika ganin haka ga yarinya kamata ba. Ƙwayar da ya ba ni ta yi aiki da farko, sai jiri, daga baya ta daina aiki.

Aka tura mu Kano hoton kai. Ashe jijiyar jini ce ta danne jijiyar fuskar. Suka ce sai tiyata, kuma ana iya rasa jin kunne ɗaya. Na kasa zama, na kasa kwanciya. Baba ya sayar da sansa na huɗa.

Ranar tiyatar suka aske bayan kunnena, suka huda ƙashi kaɗan, suka sa wani abu kamar auduga tsakanin jijiyoyin.

Na farka da amai da ciwon kai, amma ina jin muryar Inna. Bayan kwanaki ta kawo buta. Na tara hannu, na tsaya.

Ta ce, "Shafa mana, ina nan."

Na shafa. Sanyi kawai na ji.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitoci da iyayena.

In an cire haƙori ciwo bai tafi ba, kar a cire na biyu, a je asibiti. Kuma in 'yarku ta ƙara shiru, kar ku ce kunya ce. Ku ɗaga hijabin ku duba.