Muryarsa Ta Tafi Runka

A tashar Safana wani dattijo yana tsaye gefen a-kori-kura, rawaninsa a naɗe tsaf, gafaka a kafaɗa. Da gani shirin zuwa wa'azi ya yi. Samari sun cika bayan motar da lasifikoki, injin sautin kuma sun ba shi kujerar gaba don kada hanyar Runka ta jijjiga shi.

"Alaramma, a yi haƙuri, babu wuri," in ji direban. "Ai karatunka yana cikin waya."

"Sadisu, ni fa na koya maka Fatiha."

Direban ya sunkuyar da kai, ya tada mota. Suna fita suka kunna karatu a lasifika, ashe muryar dattijon ce. Yana nan tsaye, leɓunansa suna bin ayar har sautin ya ɓace.