Man keken ɗinki a kan faifan birki

Ranar wata Juma'a ce a cikin Muharram, bayan alhazai sun watse, a shekarun da ake aikin faɗaɗa Harami. Rana ta ɗan ɗaga, muna kan dutse ta wajen Hada, a hanyar Ɗa'if. Mu biyu ne, ni da ɗan mai gidan da nake haya. Ni na je Makka karatu, ina kuma yin fassara a rediyo lokacin aikin Hajji. Shi ma'aikacin jinya ne, haifaffen Makka, ya haura shekara talatin, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Aikina a irin wannan fita shi ne in hau da shi da kekensa a mota, in sauko in jira shi a ƙasa, shi kuma ya gangaro ta cikin duwatsu.

Yana da ɗabi'a guda da ba ya fasawa. Kafin ya fuskanci gangare, sai ya taka keken a wani ɗan fili, ya matsa birki ya ji. A ranar ya taka, ya matsa, keken bai tsaya ba. Ya ƙara matsawa har hannun birkin ya kusa taɓa yatsunsa, keken ya ci gaba da tafiya a hankali kamar ba da shi ake ba. Sai ya karkata da gangan ya faɗa cikin wata ƙaya. Birai da ke zaune a kan dutse suka watse.

Na iske shi ya tashi, gwiwar hannunsa ta kuje tana jini. Bai kula da ita ba. Ya durƙusa ya shafa yatsa a kan faifan ƙarfen da birki ke kamawa, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Ya Ustaz, me ka ji?"

"Man keken ɗinki," na ce.

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya zauna a ƙasa ya cire kwalkwalinsa. "Abuya ne," in ji shi. Haka yake kiran mahaifinsa.

Tsohon ya yi rayuwarsa a sana'ar arabiyya, wato keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a ciki wajen ɗawafi da sa'ayi. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma gyara su a tsakar gida. A wannan sana'a, arabiyyar da ke kuka ba ta samun mai hawa, domin alhaji yana jin ƙararta zai ɗauka ta kusa ɓallewa. Saboda haka kowace Alhamis bayan la'asar tsohon yakan ɗauki 'yar butarsa ta man keken ɗinki ya bi duk abin da ke ƙara a gidan, daga ƙafar arabiyya har zuwa ƙyauren banɗakina.

Keken dutsen kaɗai ne bai taɓa taɓawa ba, domin ba ya son sa. Ranar da aka kawo shi ya ce wa ɗan, mutum mai hankali ba ya hawa dutse don kawai ya faɗo. Sun daɗe suna ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: ɗan zai riƙa hawa, amma duk ranar da uban ya ce ya bari, ya bari ke nan, ba gardama. Na san abokin nawa. Da an ce ya bari, zai bari, ko da kuwa wannan ne kaɗai abin da ke wanke masa kai bayan mako guda a ɗakin marasa lafiya.

Don ya kwantar wa uban da hankali ne ma ya tsaya ya zaɓi birki da kyau. Ya sayi mai aiki da mai a cikin siririn tiyo, ba mai waya ba, da faifai babba, saboda gangaren yana da tsawo kuma ƙarfe na ɗaukar zafi. Takalman birkin, wato 'yan ɓangarorin da ke matse faifan, ya ɗauki masu haɗin ƙarfe don sun fi jure zafi. Aibinsu ɗaya, suna kuka. Duk lokacin da ya shigo layinmu ya tsaya a ƙofar gida, sai ka ji ƙiii har saman bene. Wannan kukan ne tsohon ya yi wata da watanni yana ji, har ranar Alhamis ɗin da ya kasa jurewa.

A mota muna saukowa, abokina ya ɗaure hannunsa da bandeji yana kallon taga.

"Ka san wannan ne karo na farko da ya taɓa keken?" ya ce. "Ya goge shi ma. Dubi yadda yake ƙyalli."

"To ka gaya masa kawai, birki ba ya son mai."

"In gaya masa ya kusa kashe ni? Wallahi ba zai ci abinci ba. Kuma kafin magariba zai ce halas, shi ke nan, a sayar."

"In ka yi shiru fa?"

"Alhamis mai zuwa zai ƙara."

Na ce ya riƙa kulle keken a ɗakina. Ya ce a gidan ubansa ba zai ɓoye wa ubansa abu ba, kuma tsohon ba yaro ba ne, zai tambayi dalili. Muka iso gari ba mu tsayar da komai ba.

Bayan sallar Juma'a muna cin shinkafa a tsakar gida, abokina sanye da riga mai dogon hannu, tsohon ya dube shi yana murmushi.

"Ya walad, yau ban ji jakinka ya yi kuka ba."

"Bai yi ba, Abuya."

"To. Kowane ƙarfe da abin da yake so." Ya juyo gare ni. "Malam, yaran nan sai su sayi abu mai tsada su bar shi yana ihu a layi kamar ba shi da mai shi."

Na ce haka ne, Baba, na ci gaba da cin abincina.

Washegari da la'asar abokina ya dawo da sabbin takalman birki. Ya kafa keken a tsakar gida, ya fito da sirinji da kwalbar man birki da sifirit, sannan ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin uban. Ya ce lokacin canza man cikin tiyon ya yi, aiki ne na mutum biyu, kuma Ustaz ba shi da hannun gyara. Wannan gaskiya ce, ban yi musu ba.

Tsohon ya fito yana gyara hularsa. Aka ba shi hannun birki, ya riƙa matsawa yana saki, ɗan kuma yana tura sabon mai daga ƙasa da sirinji, ƙananan kumfar iska suna fitowa ta sama. Abin ya burge shi. Ya tambayi abin da ke faruwa in iska ta zauna a ciki, aka ce masa hannun zai yi laushi, birkin ya ƙi kamawa. Ya ce ashe mai yake sha ta ciki.

"Ta ciki kawai," in ji ɗan. Ya jiƙa tsumma mai tsabta da sifirit ya fara goge faifan, a hankali, gaba da baya, yana canza gefen tsumman. Bai ɗago kai ba. "Nan kuma ko yatsa ba a so ya taɓa. In maiƙo ya hau, takalmin ya sha, sai dai a jefar."

Tsoffin takalman suna ajiye a kan tabarma, sun yi baƙi suna sheƙi. Tsohon ya daɗe yana kallon tsumman. Sannan ya sunkuya ya ɗauki takalmi ɗaya, ya kai hancinsa. Ya san warin man butarsa fiye da kowa.

"Naɗe hannun rigarka," ya ce.

Ɗan ya naɗe. Uban ya kalli bandejin, ya tambayi a ina abin ya faru. Aka ce masa a fili ne, kafin gangare, wajen gwaji. Ya tambaya ko kullum yana yin wannan gwajin. Ni na amsa, na ce tunda nake kai shi ban taɓa ganin ya fasa ba.

Tsohon ya zauna a kan wata arabiyya da ke jiran gyara. Muna ta jiran kalmar da muka san yana da ikon faɗa. Aka kira sallar magariba bai faɗe ta ba. Da ya tashi zai yi alwala, sai ya ce mini, "Malam, motarka tana da wurin mutum uku?"

Juma'ar da ta biyo baya, da shi muka hau. Ya tsaya a gefen filin, ya sa ɗan ya gwada birkin, ya sa ya sake, ya sa ya ƙara. Birkin ya yi kukansa, ƙafar baya ta ja ƙasa ta tsaya cak. Tsohon ya leƙa gangaren, ya ja da baya, ya yi addu'a a ransa, ya ce, "Yalla, je ka." Muka sauko a mota, ya zuba wa dutsen ido har ya hango kwalkwalin ya ɓullo daga bayan duwatsu.

Bai sake binmu ba bayan wannan. Har na bar gidan, kowace Alhamis yakan ɗiga wa sarƙar keken mai, amma sai ya fara lulluɓe faifan biyu da tsofaffin huluna wankakku.